Ɗaga Gaban Motar Malam Labaran

Malam Labaran ya yi ritaya daga ma'aikatar ayyuka bai mallaki wani abin a-zo-a-gani ba, sai gidansa na Kinkinau da wata farar akori-kura da ya saya a gwanjo. Motar ta kwana biyu a duniya, amma in ka ga yadda yake riritarta sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi. Shi ke wanke ta, shi ke duba mai da ruwa kowace safiya, ko bakanike ne zai taɓa ta sai yana tsaye a kansa yana ƙirga notin da aka kwance.

Da rani hawan jini ya kayar da shi. Ya farfaɗo ɓarin hagu a shanye. A hankali baki ya dawo daidai, hannu ya ɗan saki, ƙafa ce dai ta ƙi, sai jan ta yake yi. Asibiti suka ce a riƙa kawo shi gashin ƙafa duk Litinin da Alhamis. Da haka makullin motar ya koma hannun autansa Sharhabil, wanda ya gama bautar ƙasa yana zaune ba aikin yi. Ranakun asibiti ya kai Baba, sauran ranaku ya yi dako: buhunan hatsi, katako daga kasuwar Panteka, wani lokaci kayan jeren amare.

Shiga motar nan kuwa Malam Labaran bai taɓa yarda a kama shi ba. Yana da tsarinsa. Zai jingine sanda, ya kama ƙarfen da ke saman ƙofa da hannun dama, ya sa hagu ya damƙi wando a gwiwa ya ɗaga ƙafar da ta mutu ya ɗora a dokin ƙofa, sannan ya yunƙura. Yana yi yana amsa gaisuwar mutanen da ke zaune a bencin shagon Shu'aibu, kamar ba wani aiki yake yi ba.

Damina ta shigo da ƙarfi a shekarar. Ruwa ya zaizaye bakin layinsu, daidai inda ƙasa ta haɗu da kwalta, ya bar rami mai gangare. Ita kuma akori-kura haka ƙirarta take, bayanta a sama gabanta a ƙasa, don sai an loda mata kaya take zama daidai. Duk sanda Sharhabil ya dawo ba kaya, sai gaban ya daki ƙasa, ƙarfen da ke kare cikin inji ya yi wata ƙara da ke ratsa shi har haƙori. Bamba ta lotse ta gefe guda. Ga abokai a majalisa ba su raga masa.

"Ga mai motar da kullum take ruku'u nan," in ji su. "Wai yaushe za ta ɗago ne a yi sujada?"

Yakan yi dariya, amma abin yana cin sa. Yana ganin irin motocin da samari ke wucewa da su ta Unguwar Sarki, ƙirji a sama, tayoyi a buɗe, ya kalli tasa ya ga kamar tsohuwa mai neman allura a ƙasa.

Wata Laraba ya sauke kaya a Unguwar Shanu, sai ya ratse garejin abokinsa Dauda da ke ƙarƙashin wata darbejiya. Dauda ya durƙusa ya leƙa, ya shafa inda ƙarfen ya goge, ya yi tsaki.

"Wannan in ka ci gaba wata rana a bakin layinku za ka zubar da man inji. Ɗaga gaban za a yi ya zo daidai da baya. Akwai zoben ƙarfe da ake sakawa a saman sifirin, yanzu-yanzu za a gama."

Ya shiga ɗan ɗakin kayansa ya fito da iri biyu, ya ajiye a kan bonet. Ɗaya siriri, ɗaya mai kauri, sabo yana ƙyalli.

"Wannan zai ba ka kamar yatsu biyu. Wannan kuma huɗu. In ni ne kai, tunda an tashi yi, a yi mai dalili."

Sharhabil ya ɗauki mai kaurin ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya tuna mahaifinsa, ya san da zai tambaye shi amsar guda ce. Amma ya ce a ransa ai gyara ne, ba ɓarna ba, kuma shi ke fama da ramin nan kullum, ba wani ba.

"Sa wannan," ya ce.

Aka sa jak, motar ta tashi, aka cire tayoyin gaba. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallo, Dauda na ta fama da notin da suka yi tsatsa yana ba shi labarin ƙwallo. Tun daga farkon aikin har ƙarshensa, a cikin su biyun ba wanda ya kawo ƙofa a ransa. Da aka sauke jak suka ja baya suka tsaya. Motar ta miƙe sambal, gaba da baya ɗaya, kamar an rage mata shekaru.

"Ka ga mota," in ji Dauda. "Yanzu ta zama namiji."

Da la'asar ya shigo layinsu, ya rage gudu don sabo, ya jira ƙarar. Shiru. Ya wuce ramin kamar babu shi. Murna ta cika shi har ya shiga gida da niyyar gaya wa Baba, sai ya tarar da shi a kishingiɗe rediyo a kunne, ido a lumshe. Ya ce bari sai gobe, in ya gani da idonsa zai fi fahimta.

Ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ƙofar gida duk taɓo. Sharhabil ya matso da motar kusa da dakali gwargwadon iko, ya buɗe ƙofa. Malam Labaran ya fito cikin farin kaftani da hula, yana dogara sanda. Bencin Shu'aibu cike yake, har da Malam Nuhu, malamin da ke karantar da yara a zauren da ke kallon gidansu, abokinsa na shekaru.

"Malam, an fito? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya muka ji da ruwa?"

Ya jingine sanda, ya miƙa hannu ya kama ƙarfen sama. Sai da ya ɗan yi ɗage kafin ya kai, amma bai kula ba. Ya damƙi wando ya ɗaga ƙafar zuwa inda ta saba kaiwa, sai yatsun suka daki dokin ƙofa suka dawo. Ya ɗan yi murmushi, ya sake. Suka sake dawowa. Sharhabil na tsaye a bayansa, a lokacin ne ya faɗo masa cewa da aka ɗaga gaban, ƙofar ma ta ƙara tsawo.

"Baba, bari in..."

"Bari."

Tsohon ya tattara ƙarfinsa duka ya fizgi ƙafar sama. Ta kusa hawa. Sai ta dama, wadda ke ɗauke da shi, ta zame a taɓo. Hannunsa ya kuɓuce daga ƙarfen, ya tafi ta gefe ya faɗi tim, kafaɗa da ƙugu a ƙasa, kansa dab da taya. Hula ta gangara cikin kwata. Zariyar wandonsa ta saki, wandon ya zame.

Salati ya tashi daga benci. Malam Nuhu ne ya riga kowa isowa, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe shi daga ƙugu zuwa ƙasa. Sharhabil ya durƙusa ya tallafo kansa.

Malam Labaran bai yi ko nishi ba. Idonsa na ƙarƙashin motar. Daga inda yake kwance yana ganin ratar da ta buɗe tsakanin taya da jikin mota, yana ganin sabon ƙarfe na ƙyalli a cikin tsofaffi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Me ka yi mata?"

"Baba, ɗan ɗaga gaban aka yi, saboda ramin..."

"Sake ni."

Bai iya tashi ba. Maƙwabta ne suka ciccibe shi, wani ya kama kafaɗu wani ƙafafu, suka shiga da shi gida, farin kaftanin ya koma ja. Matarsa Hajiya Maimuna ta fito daga kicin ta ga an shigo da mijinta a hannu a lulluɓe, ta saki ludayi ta fasa ihu, don ta zaci ta faru ta ƙare.

Babbar 'yarsu Juwairiyya, wadda ke aure a Unguwar Sarki, ta baro ofis ta zo da wani likita. Ya duba ya ce ba karaya, buguwa ce, a huta kwana biyu a koma gashi. Kwana biyun suka wuce, Litinin ta zo, Malam Labaran ya ce ba inda za shi. Alhamis ma haka. Ya daina fita masallaci, ya daina zama a zaure. Masu zuwa dubiya sai Hajiya ta ce musu yana barci. In Sharhabil ya shiga ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya ce "lafiya" yana kallon bango, daga nan ba ƙari.

Juwairiyya ta kawo ƙaramar motarta har ƙofar gida, ta roƙe shi har da kuka. Ya ce ta koma bakin aikinta. Ta fito tsakar gida ta samu ƙanenta a bakin famfo.

"Kai wane irin mutum ne? Motarka ce? Da za ka je ka yi mata kwalliya, ka manta wa take ɗauka?"

"Yaya, ba kwalliya ba ce. Ke ba ki san yadda ramin nan..."

"Rami! Mutum nawa ke bin layin nan? Kai dai ka ce abokanka sun yi maka dariya."

Da ƙarya ta yi masa da ya samu abin faɗa.

Duk da haka bai mayar da motar yadda take ba. Ya ce a ransa matsalar hawa ce, to a nemo abin takawa. Ya je wurin mai walda aka ƙera masa 'yar matakala ta ƙarfe, ya shafa mata fenti, ya kawo har ƙofar ɗakin Baba.

"Baba, ga wannan. In ka taka nan, sai ka taka nan, shi ke nan ka shiga."

Malam Labaran ya dubi matakalar, ya dubi ɗansa. Rabon da ya kalle shi ido cikin ido tun ranar da ya faɗi.

"A gaban Shu'aibu da jama'arsa za ka ajiye mini wannan in hau? Fitar mini da ita."

Makonni suka shige. Ƙafar da a da take ɗan lanƙwasuwa ta fara sandarewa, ko banɗaki sai Hajiya ta riƙe shi. Sharhabil ya rame. Yana fita dako, yana wuce ramin ba ƙara, amma duk wucewa sai ya ji kamar shi aka goga a ƙasa. Majalisa ma ya daina zuwa.

Wata ranar Juma'a da hantsi Hajiya na tsince shinkafa a tsakar gida, ta kira shi ta nuna masa tabarma.

"Auta, zauna. Kai kana ganin faɗuwar ce kawai ke damun babanku?"

"To mene ne, Umma? Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga."

Ta ajiye faifan.

"Akwai abin da ya hana ni faɗa, amma zan faɗa. Tun da ya fara samun ƙarfi, kullum in kun dawo sallar asuba ka koma barci, shi fita yake yi. Yana da makulli na biyu. Sai ya buɗe wajen direba ya hau da kansa, ya zauna yana taka kuloc da ƙafar nan. Da farko ko motsi ba ya yi. Ana nan ana nan ya fara kai shi rabi. Satin da abin nan zai faru ya shigo yana dariya kamar yaro, ya ce mini, Maimuna, yau ya taɓa ƙasa. Burinsa in kaka ta yi shi zai tuƙa mu zuwa gonarsa ta hanyar Zariya, ya ɗauko masararsa da kansa. Ya ce kada in gaya muku, so yake ku gani kawai."

Sharhabil ya sunkuyar da kai.

"Ran Alhamis ɗin nan ruwa ne ya hana shi fita da asuba," ta ci gaba. "Da ya fita, da shi kaɗai zai gane, ba a gaban mutane ba. Duk gidan nan ba abin da ya rage yana yi da kansa sai hawa motar nan. Wanka ni, saka takalmi ni. Ita kaɗai ce."

Bai jira an sauko daga masallaci ba ma, ya nufi Unguwar Shanu. Dauda ya gan shi ya washe baki.

"Mai babbar mota! Ya aiki?"

"Cire za ka yi."

"Cire me? Wani abu ya samu sifirin ɗin ne?"

"Dauda, don Allah cire kawai."

Dauda ya kalli fuskarsa, bai ƙara tambaya ba, ya jawo jak. Wannan karon ba labarin ƙwallo. Da aka gama motar ta koma ta sunkuya yadda take, ya miƙo masa zobban a leda. Sharhabil ya ce ya riƙe, ya ba duk wanda yake so.

Ya rasa ta inda zai fara gaya wa Baba, sai ya tsallaka zauren Malam Nuhu ya zayyana masa komai. Malamin ya saurara har ƙarshe, ya sa takalmi ya shiga gidan ba tare da ya jira an ce masa ana barci ba. Sun daɗe a ɗaki. Daga tsakar gida Sharhabil na jin muryar Malam Nuhu ƙasa-ƙasa, ta babansa kuwa sai jefi-jefi. Da ya fito ya ce, "Gobe bayan azahar, lokacin da layi ba kowa. Ni zan ce wa Shu'aibu ya rufe shago ya tafi cin abinci."

Haka aka yi. Rana ta take, layin tsit, ƙasa a bushe. Malam Labaran ya fito Hajiya na riƙe da gwiwar hannunsa har bakin zaure, nan ya zame hannunsa. Tafiyar da a da yake yi a numfashi ɗaya, yau sai da ya tsaya ya huta a tsakiya. Bai nufi inda Sharhabil ya buɗe masa ba, ya zagaya wajen direba. Ya tsaya ya dubi gaban motar, ya dubi tayar, ya ga ta koma yadda ya san ta. Ya zaro makullinsa daga aljihu ya buɗe.

Ya kama sitiyari da dama, ya yi niyyar ɗora ƙafar dama a ciki. To amma kafin ta dama ta tashi sai ta hagu ta ɗauki nauyinsa, ita kuwa da ya ɗan saki jiki a kanta sai ta fara karkarwa ta nemi lanƙwashewa. Ya mayar da sauri. Ya juya ya gwada ɗaya dabarar, ya damƙi wando ya ja. Ƙafar ta tashi daga ƙasa kaɗan, ko rabin dokin ƙofa ba ta kai ba, ta koma. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Sharhabil na tsaye taku biyu a bayansa, hannuwa a buɗe, ya kasa matsowa ya kasa ja da baya.

Tsohon ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofa, yana kallon kujerar da ta lotsa daidai zamansa. Can ya zare hannu.

"Rufe ta," ya ce.

"Baba, in aka koma gashi, in sha Allahu..."

"Na ce rufe."

Ya rufe. Malam Labaran ya miƙa masa makullin ba tare da ya dube shi ba, ya juya. Hajiya ta taho ta kama shi, wannan karon bai zame ba.

Ranar Litinin Juwairiyya ta zo da motarta, ya shiga kujerar baya ba gardama. Sharhabil ya zauna gaba, suka nufi asibiti. Mai gashin ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe, ta yi faɗa sosai a kan makonnin da aka yi ba a zo ba. Ta ce an koma baya, wani abin zai dawo in an dage, wani kuwa sai dai addu'a. Aka dage ɗin. Ya koma zuwa masallaci da sanda, ya koma zama a zaure da yamma, amma bai sake nufar akori-kurar ba, ko wajen da take ba ya kallo. Tsakaninsa da autansa kuma sai gaisuwa.

Da kaka ta yi Sharhabil ya tafi gonar shi kaɗai. Ya wuni tare da Yahaya, mutumin da ke kula da ita, suka ɗure masara a buhuna suka loda. Ya iso gida rana ta yi sanyi, ya tarar da mahaifinsa a kujera a bakin zaure. Ya gaishe shi, ya fara sauke buhunan yana jingine su a bango, ba ya tsammanin komai.

"Kwance wancan," in ji Malam Labaran, yana nuni da sanda.

Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo a tafin hannu ya kawo masa. Tsohon ya zaɓi ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori ya ciza, ya tofar.

"Ba ta bushe ba. Yahaya ya yi gaggawa, kai kuma ba ka duba ba. In aka ajiye ta haka fumfuna za ta yi. Gobe ka share tsakar gida ka shanya ta, ka riƙa juyawa."

"To, Baba."

"Kuma kada ka bari kajin uwarka su hau."

Sharhabil ya ce to, ya koma ya sa kafaɗa ya ɗauki buhu na gaba.